Waƙar da Ta Riga Kawu Zuwa Gida

Efuzo, watan Agusta, 1988

Zuwa ga Inna Afiba,

Bayan gaisuwa mai yawa, yaya Abijan, yaya kasuwa, yaya gwiwar nan da ke hana ki hawa mota? Mu nan lafiya. Mama tana gaishe ki. Tarinta ya yi sauƙi, sai dai har gobe ba ta yarda ta matsa daga murhun ƙyafe kifi ba. Ki yi haƙuri da rubutuna, kin san a aji huɗu na tsaya.

Kawu Kwaiko ya dawo daga Jamus. Ya yi tumbi, ya yi sanƙo, takalminsa yana kuka in ya taka. Ya zo da matarsa baturiya, Madam Renate, doguwa mai yawan dariya, kullum da rikoda rataye a kafaɗa. Dattawa sun ce tunda Nana Bonzo shugaban danginmu ya rasu, Kawu za a ɗora a kan kujerar dangi ranar da garinmu zai rufe bikinmu na shekara, Kundum.

Da ya gan ni ya dafa kafaɗata ya ce, "Wannan ne ɗan mashayin nan? Ka yi tsawo." A gaban Mama ya faɗa, ƙanwarsa ciki ɗaya. Ta sunkuyar da kai ta ci gaba da juya kifi.

Inna, ke kina Abijan lokacin da Baba ya mutu, abin da aka aika miki kawai kika sani. An ce miki ya sha giya ya tura kwale-kwale ranar Talata, ranar da ko mahaukaci ba ya taɓa teku, wai Kawu ya faɗa ciki don ya hana shi. Shi ya sa aka ce mummunar mutuwa ce, aka turbuɗe shi a yashi a gindin Dutsen Uwa, ba akwati, ba ƙararrawar coci, ba kuka. Ba haka aka yi ba. Washegari Kawu zai tafi Turai, ya sayi sabuwar kyamara, yana son hotonsa a cikin kwale-kwale da dutsen a bayansa. Baba ya ce Talata ce. Kawu ya ce, "Ashe matsoraci na ba ƙanwata? To in ba ka tura ba, yau za ta kwashe kayanta da ɗanta." Maza duk suna rumfa suna ɗinkin taru. Matan da ke gaban murhu su suka ji, ni ma ina gindin Mama. Baba ko koko bai sha ba ranar. Baba ya tura, ya nutse. Da Kawu ya fito shi kaɗai ya kawo maganar giya, babu macen da ta buɗe baki, don dangi sun sayar da gonar kwakwa sun yi masa kuɗin jirgi, kowa yana jiran ya dawo ya fitar da mu daga talauci.

In ya hau kujerar nan maganarsa ta zauna ke nan. Baba zai dawwama a yashi kamar mushen kifi.

Yana so ya nuna wa matarsa bakin teku. Za su fara daga Butre su biyo Kundum gari gari yadda yake gangarowa yamma, har ya iso mu. Yana neman mai ɗaukar jaka wanda ya san hanyoyin ƙafa. Na ce ga ni. Ya yi dariya ya ce dama abin da na dace da shi ke nan.

Na daɗe ina jira, ban gaji ba. Zan ɗauki jakarsa, zan goge masa takalmi, zan kai shi duk inda yake so. A ƙarshe zan kawo shi gindin Dutsen Uwa, inda ya bar Baba. A nan za mu ƙare. Sauran bayani ba na takarda ba ne, don Ekuba mai kifi da za ta kawo miki wannan, idonta yana ratsa ambulan.

Ɗanki,
Nyameke


Abijan, watan Agusta

Nyameke ɗana,

Na sami takardarka, na gode wa Allah da kuke lafiya. Gwiwa tana nan, ni da ita babu mai barin wani. Ka gaida uwarka Manza, ka ce mata in ba ta bar hayaƙin nan ba, wata rana ita ma a kwando za a kawo mini ita in sayar.

Yanzu ka buɗe kunne. Me za ku ƙare a gindin dutse? Na karanta na ajiye, na ba ɗiyar maƙwabciyata ta sake karanta mini ko idona ne. Ta gama ta ce, "Anti, wannan ɗan naki kisa zai yi." Tun ranar loma ba ta wuce mini da daɗi ba.

Maganar ubanka Ndede ban musa maka ba. Tare muka tashi da shi, ko a biki ƙwarya ɗaya ta bammi ke kwantar da shi. Da aka aiko mini na yi mamaki, amma na haɗiye kamar kowa. Kwaiko kuwa ɗan yayar uwata ne, na san shi tun yana satar kifi a murhu yana nuna kare. Duk da haka kawunka ne, cibiyarku ɗaya, a al'adarmu ku ne masu gadon juna. In ka tura shi ruwa, Manza ta rasa miji a dutsen nan, ta rasa wa, ta kuma rasa ɗa a kurkukun Sekondi. Wa zai saro mata itace? Ni da gwiwar?

Ka ajiye jakar nan ka koma gida. Ina jiran amsa ta hannun Ekuba.

Innarka,
Afiba


Abijan, watan Satumba

Nyameke,

Ina gaishe ka in kana raye. Ni dai ban mutu ba, amma kana ƙoƙari.

Ekuba ta zo ta koma ta sake zuwa, hannu rabbana. Ta ce an gan ku a Busua, kana bin bayansa da jaka kamar rago, kana murmushi. Murmushin nan ne ya tsaya mini a rai. Haka ubanka yake yi in ya riga ya yanke shawara.

Tunda ka ƙi magana, na yi abin da zan iya. Na aika wa Kwaiko saƙo ta direban Takoradi: kada ya shiga ruwa da kai, kada ya tsaya a bakin dutse kana bayansa. Ban faɗa masa dalili ba, shi ya san dalili. Ka tsane ni in kana so. Gara ka tsane ni kana waje.

Afiba


Akwidaa, ƙarshen watan Satumba

Zuwa ga Inna Afiba,

Ina gaishe ki, ina kuma ba ki haƙuri. Lafiyata ƙalau, sai kafaɗa da jakar Kawu ta goge. Takardunki biyu tare suka same ni, don Ekuba gida take kai su, mu kuma muna hanya.

Inna, da na karanta sai da na zauna a kan jakar na yi dariya har hawaye. In na tura shi ruwa, wa zai tono Baba? Sai dai a ce ɗan mashayi ya zama mai kisa. Kuma mutuwa ta yi masa sauri.

Abijan ta cinye ki har kin manta abin da ake yi ranar rufe Kundum? Rana ɗaya ce a shekara da mawaƙa ke tsayawa gaban sarki su amayar da abin da gari ya haɗiye. Sarki da kansa in an taɓa shi sai dai ya yi dariya. Ba duka, ba ƙara.

Ranar da muka sauka Butre, su Madam suka hau tudu kallon tsohuwar ganuwar Turawa da itatuwa suka cinye. Ni na tsallaka gadar katako da kwalbar giyar ogogoro, na sami tsoho Amihere, shugaban mawaƙan da ke bin bikin gari gari. Yana gyaran fatar ganga bai ko ɗago ba.

"Ɗan wa?"

"Ɗan Ndede na Efuzo."

"Ndede na Talata?"

"Shi, Baba."

Na ba shi labarin kaf. Ya ɗanɗani ogogoron ya yatsine fuska ya ce wannan da fitsarin akuya aka haɗa shi, amma bai mayar mini ba. Ya ce, "Ka san ba ma kama suna." Na ce ba na bukatar suna. Ya ce, "A garuruwan mutane mata za su amsa don daɗin kiɗa. A garinku sai in gaskiya ce. In suka bar ni ina waƙa ni kaɗai da furfurata, baɗi da kai zan buɗe biki."

Ga abin da ya tsara:

Mai kyamara ya ce a tura,
Mai kwale-kwale ya ce Talata ce.
Biyu suka tafi, ɗaya ya komo,
Ya komo da labarin giya.

Mata su amsa: Ba shi ya sha ba, mun gani.

Damuwata da farko ita ce Kawu ba ya zama cikin gari. Kullum yana can yashi da Madam suna cin ƙaguwa, ko ya sa a kai su ɗan tsibirin Busua mai kwakwa biyu. Aka rera waƙar a Butre, aka rera a Busua, shi bai ji ba. Sai ga saƙonki ya same shi a Dixcove. Inna, Allah ya saka miki. Tun ranar ya ƙi teku. Ya ce iskar ruwa tana sa shi mura, shi cikin jama'a yake so. Ya sa aka ajiye masa kujera a sahun gaba, dab da sarki, ya harɗe ƙafa. Ni ina tsaye a baya riƙe da laimar Madam. Da tsohon ya kai wurin kyamara na ga ƙafar ta sauko a hankali. Da mata suka amsa na ga gumi yana bin ramin ƙeyarsa. Bai waiwayo ba. Na kalli ƙeyar nan har aka tashi, ban taɓa ƙoshi irin na ranar ba.

Abin da ban shirya ba shi ne Madam. Ta ɗauki waƙar a rikoda, ta ce duk cikin waƙoƙin ita ta fi shiga ranta. Yanzu ta iya amshin. Da safe tana wanke baki tana yi, a mota tana yi, tana buga masa cinya wai ya kama. Ta tambaye shi ma'ana, ya ce waƙar masunta ce, suna murnar kifi. Ta juyo ta tambaye ni. Na ce, "Madam, turancina bai kai ba, maigida ya fi ni."

Jiya muka bi hanyar ƙafa zuwa hasumiyar fitilar jiragen ruwa. Kin san wurin, baƙin dutse a tsaye, ruwa yana dukansa a ƙasa har ka ji a tafin ƙafarka. Madam ta tsaya a baki tana ihu, tana kiransa ya zo ya gani. Shi ya manne da bangon hasumiyar kamar ƙadangare. Da za mu sauko ya ce mini, "Wuce gaba, ɗan…" sai ya haɗiye sauran. Ban taɓa jin ya bar kalmar nan a hanya ba.

Korata yake so ya yi, amma Madam ta ce ba ta taɓa ganin yaro mai ladabi irina ba. In ya kore ni sai ya faɗa mata dalili.

Waƙar kuwa ta fi mu sauri. Masu tallan kifi suna ɗaukarta a ka tare da kwando. Mun iso Akwidaa mun tarar yara suna yin ta a kan gada.

Ɗanki,
Nyameke


Abijan, watan Oktoba

Ɗan nema,

Na gode wa Allah, na ci abinci har na nemi ƙari. Gwiwa ma ta ji labari ta ɗan saki. Ashe ni na yi maka dakon mutumin zuwa sahun gaba? Allah ya isa kuɗin da na ba direba.

Amma ka tsaya. Ka auna kawunka, ka auna mawaƙi, ka auna har baturiya. Mutum ɗaya ka bari. A Efuzo matan da suka gani ba za su buɗe baki ba sai sun kalli Manza. Ita ce matar mamaci, ita ce ƙanwar mai kyamara. Amshin nan naka a wuyanta ka rataya shi. In ta ce mun gani, ta tsaga zanen uwarta a bainar jama'a, ta kuma faɗa wa gari ta gani ta yi shiru duk shekarun nan. In ta ƙi, ta sake binne mijinta da hannunta, kai kuma ka zama abin waƙa. Ka tambaye ta kafin ka kai kwalbar nan? Na san ba ka tambaya ba.

Ni na san Manza. Tun muna yara in aka mare ta sai ta ba da haƙuri. Kada ka sa rai, kada kuma ka tsane ta in ta kasa.

Innarka,
Afiba


Efuzo, watan Nuwamba

Zuwa ga Inna Afiba,

Gaisuwa mai yawa. Ina fatan gwiwa ta ci gaba da jin labari. Mama lafiya, sai muryarta da ta dushe, za ki ji dalili.

Gaskiyarki, ban tambaye ta ba. Da muka iso gida na tarar waƙar ta riga mu, amma a nan ba mai yin ta a fili. Na gaida Mama, ta amsa tana kallon wuta. Ta zuba mini dokunu, tuwon masarar nan, da barkono, ba kifi.

Tun a Pokesu, kafin mu iso gida, Kawu ya aika wa tsoho Amihere turmin atamfa da giyar Jamus don ya bar waƙar. Tsohon ya karɓa ya yi godiya, ya ɗaura atamfar ya rera waƙar a cikinta.

Ranar rufe bikinmu aka fito da kujerar dangi a lulluɓe da farin ƙyalle, aka ajiye gefen dattawa, ana jiran mawaƙa su gama a ɗora shi. Mawaƙa suka taɓa mai shagon da mudunsa ke da ciki biyu, aka yi dariya. Suka taɓa sarki kan rijiyar da ya yi alkawari, ya yi dariya ya aika musu kwalba. Sai ganga ta canja.

Tsohon ya rera har ya kai ƙarshe, ya miƙa hannu wajen mata. Shiru. Inna, har ƙarar ruwa a jikin Dutsen Uwa ana ji. Ya sake daga farko, ya sake miƙa hannu. Shiru. Matan duk sun juya kai suna neman Mama, ita kuwa ba ta cikinsu, tana can murhu. Tsohon ya harare ni. Kawu ya gyara zanen kafaɗarsa, ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya.

Sai Madam ta duba dama ta duba hagu. Ina jin ta ɗauka matan garinmu kunya suke ji, ko ba su iya ba. Ta miƙe tsaye da tsawonta, ta tafa, ta ɗaga murya da karkataccen harshen nan nata: "Ba shi ya sha ba, mun gani!" Yara suka fashe da dariya. Kawu ya kama gefen rigarta yana ja, ta fizge tana yi wa matan hannu, wai su taso. Ta yi sau biyu ita kaɗai.

A na uku na ji tari a bayan taro. Na san tarin. Mama ce, da tsumman aikinta, toka har gashin gira, wuƙar fiɗar kifi a hannu ta manta ba ta ajiye ba. Aka buɗe mata hanya. Ba ta kalle ni ba, ba ta kalli wanta ba. Baturiyar ta kalla, kamar tana cewa ke da ba ki gani ba kin faɗa. Muryarta ba ta waƙa ba ce, hayaƙi ya cinye ta, amma an ji: "Mun gani."

Daga nan ban san yadda zan rubuta miki ba. Tsofaffin da nake tsammanin ba su da sauran numfashi, su suka fi kowa ƙarfi. Wasu suna yi suna kuka.

Har a lokacin Kawu yana da mafita. Da ya yi dariya kamar sarki, ya aika wa mawaƙa kwalba, ya ce a tono surukinsa a yi masa jana'iza, wallahi da an ɗora shi. Amma Jamus ta daɗe a jikinsa. Ya miƙe ya nuna tsohon da yatsa ya ce zai ɗauko lauya daga Takoradi, sai ya ɗaure su duka. Ranar Kundum, Inna! Wata tsohuwa ta ce, "Ka ɗauko mana biyu, ɗaya ya riƙe maka kyamara!" Fili ya kaure. Babban dattijo ya yi wa samari ido, suka ɗauki kujerar da ƙyallenta suka mayar ɗaki.

Washegari dattawa suka yanke a kawo Baba maƙabartar coci. Muka je da shebur. Teku ta riga mu. Inda aka sa shi yanzu ruwa ne har ƙugu in ya cika, ko ƙashi ɗaya ba mu samu ba. Aka ce to a ɗebi yashin wurin a ƙaramin akwati, kuma wanda ya bar shi a nan shi zai ɗebo, shi zai ɗauka.

Sai ga ni da Kawu a gindin Dutsen Uwa, shi a gaba ni a baya, ruwa yana lasar dutse. Ya waiwayo ya kalle ni. Na ce, "Kawu, kawo takalmin in riƙe maka, kada ya jiƙe." Ya cire ya ba ni. Ya shiga ya ɗebo da hannunsa, ya ɗora akwatin a kan sanƙonsa, ruwan yashi yana zubo masa a fuska, ya ratsa gari ba takalmi har coci. Aka buga ƙararrawa. Mama ta yi kukan da aka hana ta.

Malamin makaranta ya fassara wa Madam waƙar. Ranar da za su tafi ta cire kaset ɗin ta sa mini a aljihu, ta shiga gaban mota kusa da direba, ta bar Kawu a baya da jakunkuna.

Mama ta yi kwanaki ba ta yi mini magana ba. Shekaranjiya ta ajiye mini kwano, na buɗe na ga kifi mafi girma a murhu. Ta tsaya a kaina ta ce, "Ka huce?"

Na ce, "A'a, Mama."

Ta ce, "Ni ma."

Ɗanki,
Nyameke ɗan Ndede


Abijan, watan Disamba

Nyameke ɗan Ndede,

Ina gaishe ka, ka gaida Manza da kyau, ka ce mata na janye abin da na faɗa a kanta. Na aiko mata zuma ta hannun Ekuba don muryar, ka duba kwalbar in ta cika. Gwiwa ta dawo da halinta, amma da Kirsimeti zan zo ko da rarrafe, in ga inda kuka sa shi.

Waƙarka ta tsallako iyaka ba fasfo. Jiya a kasuwa matan ƙasarmu suna ƙirga kwanduna suna yin ta, har an ƙara mata baitin takalmi da lauya. Da suka zo amshi na ji bakina ya buɗe da kansa, ni da ban gani ba.

Kwaiko ya aiko mini takarda daga Jamus, shafi huɗu, wai in tsawata maka, in kuma roƙi dattawa su hana waƙar baɗi. Takarda ce mai kauri, ba ta shan mai. Na naɗe wa wata kifi da ita.

Innarka,
Afiba